Tambaya da Amsa: Wai daga ina Éric Roy na Brest ya ɓullo?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ka raba mana gardama. A gidan kallon ƙwallon unguwarmu wani ya dage wai kocin da ya kai Brest Champions League bai taɓa buga ƙwallo ba, ma'aikacin ofis ne kawai aka ɗauko. Gaskiya ne? Daga mai karatunku a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokin gardamarka ya ji ƙishin-ƙishin ne amma bai ji labarin duka ba. Kocin da yake nufi, Éric Roy, ɗan garin Nice ne a Faransa, an haife shi a 1967, kuma ɗan tsakiya ne da ya yi shekaru yana taka leda, Nice, Toulon, Lyon, sannan Marseille daga 1996 zuwa 1999, daga nan ya tsallaka Ingila wajen Sunderland, har Rayo Vallecano ta Sifaniya ya leƙa kafin ya koma gida ya rataye takalmi. Ba tauraro ba ne irin su Zidane, shi ya sa matasa ba su san shi ba.

Batun ofis kuwa akwai gaskiya a ciki. Ya riƙe Nice a matsayin koci daga 2010 zuwa ƙarshen 2011, shi ke nan fa, sai aikin darektan wasanni, wato mutumin da ke nemo 'yan wasa, ya yi ciniki da wakilansu, ya duba kwantiragi, wani lokacin ma shi ke kawo koci shi ke sallamarsa. Ya yi wannan aikin a Nice, ya yi a Lens daga 2017 zuwa 2019, sai Watford a Disambar 2019. Masu goyon bayan Liverpool ba za su manta kakar nan ba, Watford ɗin ce ta zuba musu 3-0 ta karya musu dogon tarihin rashin shan kashi, kuma duk da haka ta faɗa gajiyayyu a ƙarshe, ƙwallo kenan.

To a Janairun 2023 Brest na can ƙasan teburin Ligue 1, babbar gasar Faransa, shekarar da ƙungiyoyi huɗu za su sauka, sai darektansu Grégory Lorenzi ya kira mutumin da ya fi shekara goma rabonsa da benci. Mutane suka yi ta mamaki. Ya tsamo su, kakar da ta biyo baya kuma suka ƙare na uku, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin kulob ɗin, aka zaɓe shi gwarzon kocin Ligue 1 na 2024. Ni a ganina zaman ofis ɗin nan ne ya taimake shi, don wanda ya san farashin kowane ɗan wasa ba zai zauna yana kukan a sayo masa wanda aljihu ba zai ɗauka ba, da abin da ke hannu zai yi miya.

Da na ukun nan ya kai su Champions League, filinsu ma bai cika sharuɗɗan UEFA ba, sai filin garin Guingamp suka riƙa zuwa aro, amma a haka suka je har gida suka ci Salzburg 4-0, suka doke PSV, suka yi kunnen doki da Leverkusen. Sai dai in za ka kai wa abokinka wannan amsar ka shirya, don zai tuna maka PSG ta yi musu 10-0 gida da waje.