Tambaya da Amsa: Wace manhaja zan koya don haɗa bidiyon horar da ma'aikata?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna, mai aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin rarraba magunguna, ta rubuto cewa ogansu ya ɗora mata aikin haɗa gajerun bidiyo don sabbin ɗauka: yadda ake shigar da kaya cikin kwamfuta, da yadda ake cike takardar neman hutu. Kwamfutar ofis gare ta, mai RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 8. Wani ya ce mata ta sa kamfani ya biya Premiere Pro. Tana tambaya ko ta bi shawarar.

Malama, ki dakata da maganar saye tukuna. Premiere Pro na kamfanin Adobe manhaja ce ta ƙwararrun masu tace fim, kuma tun 2013 Adobe ya daina sayar da sabbinta saye ɗaya, sai dai a riƙa biya duk wata ko duk shekara. Ranar da aka daina biya, ranar ƙofa ke rufewa. Aikin da kika bayyana kuwa kusan dukkansa naɗar fuskar kwamfuta ne tare da muryarki kina bayani, kuma kayan wannan aikin suna nan a hannunki. PowerPoint ɗin da kika saba da shi yana naɗar murya a kan kowane shafi, ya kuma fitar miki da bidiyo. In so kike a ga yadda kike danna wurare cikin manhajar kamfani, OBS Studio kyauta ce, tana naɗar allo tsaf. Yanke kurakurai da jona guntaye kuma Clipchamp ya isa. Microsoft ya saye shi a 2021, yana zuwa cikin Windows 11, kuma a yini biyu za ki gane kansa. Idan nan gaba aikin ya yawaita har kamfani ya ga ya dace ya kashe kuɗi, Camtasia na kamfanin TechSmith zan nuna miki, don shi tun asali saboda bidiyon koyarwa aka gina shi: yana zuƙo wurin da kika danna, yana haskaka kibiyar da ke yawo a allo.

Inda nake so ki sa kuɗin da oga ya ware shi ne murya. Mutum zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in ƙarar janareta ko ta fanka ta danne bayani, kafin minti guda hankalinsa ya tafi. Ki sayi ƙaramin makirufo irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, ki nemi ɗaki mai labule da kafet, ki kashe fanka na ɗan lokacin. Ki rubuta abin da za ki faɗa kafin ki fara naɗa. Ni da kaina na taɓa ɓata yini guda ina yanke "to" da "wato" daga bidiyon minti 6, don kawai na raina rubutun. Kowane bidiyo ya ɗauki aiki guda: na takardar hutu daban, na shigar da kaya daban, kada ya wuce minti 4 ko 5. In tsarin kamfani ya sauya, guda ɗaya za ki sake.

Sai abin da ya fi damuna a irin wannan aiki. Kafin ki danna naɗa, ki duba abin da ke kan allonki. Albashin wani, lambar wayar kwastoma, saƙon da ya faɗo daga gefe, duk za su shiga, kuma bidiyo in ya faɗa WhatsApp ba a maido shi. Ki yi gwajin da sunayen ƙirƙira.

Wani matashi daga Kano ya ce a wata masana'anta yake aiki a Sharaɗa, an sa shi ɗaukar bidiyon yadda ake kunna injuna da ka'idojin kare kai. Ya iya CapCut a waya, amma yana son abin ya zame masa sana'a. Wani mai gyaran kwamfuta ya ce zai sa masa Premiere "wanda aka fasa", wato na sata da aka cire wa makullin biya, a kan kuɗi kaɗan.

Ɗan'uwa, fasasshiyar manhaja kada ka kusance ta, balle a kwamfutar wurin aiki. Haƙƙin wasu ne, sannan ta nan ne ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar bayanai ke yawan shigowa. Ba ka ma buƙatarta. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostireliya yana da na kyauta wanda ke yanka, ya gyara launi, ya tace sauti, har ya fitar da 4K, wato hoto mai tsananin fitowa tar. Babbansa, Studio, dala 295 ne saye ɗaya, kuma za ka daɗe ba ka kai gare shi ba. Sharaɗinsa kwamfuta mai ƙarfi, RAM aƙalla gigabait 16. In taka ba ta kai ba, ka fara da Shotcut ko Kdenlive, su ma kyauta ne kuma ba su da nauyi kamarsa. CapCut da ka iya ba asara ba ce, hannunka ya riga ya san yanka. Sai dai na ByteDance ne, masu TikTok, kuma wasu ayyukansa ta intanet suke bi, don haka ka nemi izinin manaja kafin ka zuba hoton cikin masana'anta a kai. Wajen ɗauka, ka kwantar da wayar, ka kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku, ka matso kusa da hannun mai aiki da maɓallin da yake dannawa. Bayanin ka naɗe shi daga baya a wuri shiru, don kukan inji ba zai bar ka ba.

Mutum biyu kuma sun tambayi rubutun ƙasan bidiyo da Hausa. Wanda manhaja ke rubutawa da kanta yana yawan tuntuɓe da harshenmu, gara a buga da hannu, a kuma gwada cewa salon harafin da aka zaɓa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ, don wasu salon ɗan akwati kawai suke fitarwa a madadin haruffan. In bidiyon ya yi nauyin da zai cinye wa ma'aikata data, a bi da shi ta HandBrake, manhajar rage nauyin bidiyo, a sauke girman hotonsa zuwa matsakaici, wato 720p. A waya rubutu na fita sarai a haka.