Ina aikin ofis, zan iya zama manajar dandamali?

Tambaya: Ina aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kwana biyar a mako. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta nemi in zama manajar dandamalinsu, wato mai kula da atisaye da tafiyar da wasa daga bayan fage, a wasan da za su yi. Raina na so ƙwarai, amma ina gudun kada in yi biyu babu. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, 'yar'uwa, amma ki san inda gizo ke saƙar. Makonnin atisaye ba su ne matsala ba, don ƙungiyoyin sa-kai galibi da yamma suke haɗuwa ko a ƙarshen mako. Ki dai tuna ke ce farkon zuwa, ke ce ƙarshen tafiya, kuma bayan an watse akwai rahoton atisaye da za ki tura wa masu fitilu, sauti da tufafi.

Wahalar tana makon ƙarshe kafin buɗe wasa, lokacin da ake haɗa 'yan wasa da fitilu da sauti da kayan dandamali a karon farko. Fitowa ɗaya ta minti 5 sai ta ci awa guda, ana tsayawa ana maimaitawa. A nan ragama ke barin hannun darakta ta dawo naki: kina zaune da na'urar magana a kunne, kundin wasa, wato rubutun wasan mai ɗauke da alamomin lokacin kunna fitilu da sauti, a gabanki, kina ce wa mai fitilu "fitila ta 14, shirya", sannan "tafi". Idan kin makara da daƙiƙa biyu, ɗan wasa zai yi maganarsa cikin duhu. Wannan ba aikin mai gyangyaɗi ba ne. Saboda haka, kafin ki amsa musu, ki karɓi ranakun wannan makon a rubuce, ki nemi hutunki na shekara ya faɗo a kansu. Ki gaya wa shugabanki na ofis gaskiya tun yanzu, kada ki jira sai ranar ta zo ki ce ba ki da lafiya.

Sai mataimaki. Ni ba na ba mai cikakken aiki shawarar karɓar wasa babu mataimaki. Ki rubuta kundinki da fensir, tsaf-tsaf, kowace alama daidai kan kalmar da take faɗowa, yadda duk ranar da taro ya riƙe ki a ofis zai buɗe ya ja wasan ba tare da ya kira ki a waya ba.

A shekarar farko ki tsaya a wasa ɗaya tukuna.