An ci bashi da BVN ɗina, wa zan kai ƙara?

Tambaya: Barista, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Na je banki neman rance don in ƙara jari, aka ce ba za a ba ni ba, wai na ci bashi a wata manhajar waya na ƙi biya. Wallahi ko sunanta ban taɓa ji ba. Yanzu kirana suke yi suna cewa za su watsa hotona. Na tabbata bankina ne ya saki bayanaina, kuma na ji tarar naira miliyan 10 ce. Yaya zan karɓi kuɗin? Bara dai na ba wani yaro BVN da NIN ɗina ya cike mini fom ɗin tallafi, amma ba na jin shi ne.

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ban ga takarda ko ɗaya ba, don haka duk abin da zan faɗa bisa abin da ka rubuto ne kawai, kuma yana iya canzawa idan aka ga takardun.

Mu fara da miliyan 10 ɗin, domin a nan aka ɗora ka a kan kuskure. Gaskiya ne dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba NDPC, wato hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, ikon cin manyan kamfanoni tarar da za ta kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara idan shi ya fi yawa. Amma tara ce, ba aljihunka za ta shiga ba. Abin da kai za ka iya nema shi ne diyya, ita kuwa diyya sai ka nuna abu biyu: cewa daga wurin wanda kake ƙara bayanan suka fita, da kuma irin asarar da ka yi. "Na tabbata" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Sannan ga maganar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba. Lauyan banki da ita zai buɗe baki. Mutumin da ya miƙa BVN da NIN da hannunsa ga wani yaro, wataƙila har da lambar da aka turo masa ta waya, zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa ɓarakar daga banki take. Ban ce yaron ne ba, ban kuma wanke bankin ba. Doka ta wajabta wa kamfanin da aka kutsa wa ya sanar da NDPC cikin awa 72, ya kuma sanar da mutanen da abin ya shafa idan hatsarin mai girma ne, kuma ba kowa ke yi ba. Amma yadda maganar take yanzu, ba ka da abin riƙewa.

Wannan bai sa bashin ya zama naka ba. Idan ba ka nema ba, ba ka karɓa ba, a ƙa'ida babu yarjejeniya tsakaninka da masu manhajar. Sai dai kada ka ce tunda ba ka ci ba babu ruwanka. BVN ɗaya gare ka, canza layi ko rufe asusu ba zai goge komai ba. Kuma idan mai ba da rancen yana cikin tsarin GSI da Babban Banki ya kawo a 2020 don ƙwato bashi daga asusun wanda bai biya ba, ana iya taɓa kuɗinka a duk asusun da ke haɗe da BVN ɗin. Haka nan kada ka biya ko naira ɗari "don a zauna lafiya", gobe za su iya cewa ka amsa bashin.

Sauran aikin sananne ne: takardar rantsuwa a kotu, rahoton 'yan sanda, sai ka nemi rahoton bashinka daga kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Duba duka ukun, don ba lallai bashi ɗaya ne ba.

Inda nake so ka zuba ƙarfinka shi ne wasiƙa zuwa ga masu manhajar. A rubuce, ba ta waya ba. Ka nemi su faɗi ranar da aka karɓi rancen, lambar wayar da aka yi rajista da ita, hoton da aka ɗora, da kuma asusun da aka tura kuɗin. Wannan asusun shi ne kan maganar. Idan ba naka ba ne, yawanci rigimar ta mutu, kuma tambaya ta koma kansu: da wace tantancewa suka ba da kuɗi cikin minti biyar ga wanda ba su gani ba? Wasunsu sun fi ƙwarewa wajen zagi a waya fiye da amsa wasiƙa. Ka adana duk saƙon barazana, ka kai wa FCCPC, wato hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, da kuma NDPC. Idan kuma suna ƙarƙashin Babban Banki, ka ba su mako biyu, sannan ka kai koke sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Kotu tana nan, ba na hana ka. Amma shari'a na iya cin shekaru, sunanka kuwa yana nan a baƙin littafi, jarin da kake nema bai samu ba. A ganina abin da ya fi maka amfani shi ne takardar wanke ka daga kamfanin, da gyaran rahotonka. Ana iya samun wannan ta wasiƙar lauya, ko ta zaman sulhu a cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kano, in sun yarda su zo. Kada dai ka sa hannu a kan sulhun da zai hana ka neman diyya sai lauyanka ya karanta.

Shi kuma yaron, kada ka tara masa jama'a a kasuwa ko ka sa hotonsa a Facebook. Satar bayanan wani laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, binciken na 'yan sanda ne ko EFCC. Idan ka kira shi ɓarawo ba hujja, kai ne za a iya makawa a kotu kan ɓata suna.