Ga 'yar'uwar da ke son sayar da fili don dashen ɓargo

Wa'alaikumus salam. Da na karanta tambayarki, wai ko ki sayar da filin gadonki ki fita waje a yi miki dashen ɓargo ki huta da shan ƙwayar HIV, sai da jikina ya yi sanyi. Na san wannan gajiyar.

Ba ƙarya aka gaya miki ba cewa akwai waɗanda suka warke daga HIV ta hanyar dashen ɓargo, amma rabin labarin aka ba ki. Timothy Ray Brown, Ba'amurken da aka yi wa dashen a Balin ta Jamus a 2007 ya warke daga HIV, sankarar jini ce ke neman ransa, saboda ita aka yi, ba saboda HIV ba. Wanda ya ba shi ɓargon an halicce shi da toshewar ƙofar CCR5, inda cutar ke bi ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki. Ko a arewacin Turai kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne haka, a cikinmu baƙar fata kuwa sai an tona. Bayan dashe na biyu a 2008 sai da ya sake koyon tafiya da magana, kuma sankarar ta dawo ta ɗauke shi a 2020. Adam Castillejo na Landan, wanda ya warke bayan dashe, shi ma saboda sankara aka yi masa. Mutum biyu a Boston da aka yi wa dashe sun daina magani a 2013, cikin watanni cutar ta dawo. Kuma kafin dashen sai an kashe ɓargonki da magunguna masu zafi, wasu daga nan ba sa tashi.

Ni wani mai magani ne ya cuce ni. Ya rantse wata uku zan warke, amma in ajiye ƙwayar asibiti, wai ba ta haɗuwa da tasa. Na sayar da sarƙar zinarena da keken ɗinkina na ba shi. Wata shida tarin fuka ya kama ni, zani ba ya tsayawa a ƙuguna, kishiya ta ware min kofi, 'yata tana tsoron shigowa ɗakina. Ranar da aka ɗauke ni ranga-ranga, wayarsa a kashe. Bara na gan shi a kan sabon babur, ya kau da kai. Wallahi ban yafe ba.

Don Allah kar ki tsallake ko kwana ɗaya. In ƙwayar ce ke sa ki jiri ko hana ki barci, gaya wa likita, ana canzawa. Yaushe rabonki da gwajin yawan cutar a jini? Nawa sau uku ke nan ba a ganin ta. Zancen filin kuma kar dangin miji su ji, ki kai takardun wajen mahaifiyarki. In dare ya yi miki tsawo ki taɓo ni, ban cika barci da wuri ba.