Maganin ƙwari a cikin ƙasa: tafiyar wari ba tafiyar magani ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko maganin ƙwarin da ka fesa bara yana nan a gonarka, tunda warinsa ya daɗe da tafiya. Hanci ba ya auna wannan. Na yi shekaru ina feshi kafin na gane.

Galibi ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ke cinye maganin, rana da ruwa su taya su. Su kuwa sai da laima da ɗumi suke aiki. In ƙasa ta bushe ƙayau, aikin kusan tsayawa yake, don haka kada ka ƙirga watannin rani daidai da na damina. Nan na daɗe ina kuskure.

Kuma rabi-rabi yake raguwa. A ce rabinsa na lalacewa cikin kwana 30, to bayan kwana 90 kashi ɗaya cikin takwas na nan. Kowane sinadarin maganin ƙwari da nasa lokacin raguwar rabi: Malathion kwanaki kaɗan ne. Cypermethrin makonni, yana manne wa ƙasa. Imidacloprid kuwa yakan tsallake shekara a wata irin ƙasar gona, ga shi yana bin ruwa. Uban tafiyar shi ne DDT: rabinsa kan ɗauki shekara 2 zuwa 15, kuma ko ya ruɓe sai ya koma DDE, wanda ya fi shi taurin kai. Amurka ta hana amfani da shi a gona tun 1972, amma har yau ana tarar da ragowarsa a tsofaffin gonaki.

Irin ƙasar ma da magana. Yumɓu da ƙasa mai taki suna riƙe magani, jigawa kuwa sakinsa take ya gangara wajen ruwan rijiya. Mutane kan ɗauka riƙewar alheri ce zalla, ni dai ban yarda ba, don maganin da ya maƙale yakan fi daɗewa.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne gefen gonar da nake wanke tankin feshi kullum. Damina biyu ban ga tana a wurin ba, alhali taku kaɗan gaba suna nan birjik. Tun daga nan nake fesa ruwan ɗauraya a kan filin da na riga na yi wa feshi, ba na zubar da shi wuri guda.

Duba jikin kwalbar, ka turo sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ba babban sunan kasuwa ba, kuma ka faɗi ko gonar jigawa ce ko fadama.