Amsa: Baba zai cika 65 a Amurka, yaya batun Medicare?

'Yar'uwa, kin ce Baba yana da katin zama na dindindin, kuma a watan Yuni zai cika 65. To, kada ku yi sake. Ƙofar rajistar Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka don dattawa, wata bakwai ce: uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, sai uku bayansa. Ke nan tun Maris za ku iya farawa.

Idan shi ko Mama sun yi aikin shekara 10 suna biyan harajin Medicare, Sashen A, na kwanciya a asibiti, ba a biyan kuɗin wata. Idan ba su kai ba, sai ya saya, kuma sai ya shekara 5 a jere a ƙasar.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne Sashen B, na ganin likita. Dattijo ya ce ai lafiyata ƙalau, ya ƙi shiga. Duk shekara guda da ya jinkirta, ƙarin kashi 10 cikin 100 ne a kan kuɗin wata na Sashen B, kuma yakan bi mutum har ƙarshen rayuwa, sai dai in yana aiki da inshorar wurin aiki.

Af, in ya tafi ganin gida, galibi Medicare ba ya biyan magani a ƙetare.