Me Ya Sa Agogon DS3231 Da MPU6050 Suka Ƙi Aiki Tare A Kan Arduino?

Tambaya: Malam, na haɗa agogon DS3231 da na'urar auna motsi ta MPU6050 a kan allon Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar nan ta sarrafa na'urori. Kowanne yana aiki lafiya idan shi kaɗai ne, amma da zarar na haɗa su sai lokaci ya rikice, alkaluman motsi kuma su zama shirme. Ko ɗaya ya ƙone ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar sayen sabo, domin alamun da ka bayyana ba na ƙonewa ba ne. Na'urorin biyu suna magana ne ta hanyar I2C, wadda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982, inda dukkan na'urori ke tarayya a kan wayoyi biyu kacal, wato SDA mai ɗaukar saƙo a ƙafar A4 ta Arduino da SCL mai daidaita lokacin saƙon a ƙafar A5, kuma da adireshi ake bambanta su. To, DS3231 da MPU6050 duk suna fitowa daga masana'anta da adireshi ɗaya, 0x68. Idan Arduino ya kira wannan lamba, su biyun ke amsawa a lokaci guda, kuma tunda a wannan tsari duk wanda ya ja wutar layin zuwa sifili shi ke rinjaye, abin da ke isowa gare ka cakuɗaɗɗen saƙo ne wanda ba na kowa ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙaramar manhajar binciken adireshi ba ta fallasa wannan karo. Za ta nuna 0x68 sau ɗaya kamar komai lafiya, wataƙila tare da 0x57 na ma'ajiyar AT24C32 da ke kan yawancin allunan agogon.

Adireshin DS3231 ba ya canzuwa, saboda haka MPU6050 ne zai matsa. Ka haɗa ƙafarsa mai suna AD0 da layin volt 3.3, ba na 5 ba, sai ya koma 0x69, sannan ka gyara lambar a cikin manhajarka, domin a nan ne da yawa ke mantuwa. Idan ka sake bincike, ya kamata ka ga 0x68 da 0x69 daban-daban.

Idan har yanzu sifili kake samu, ka tuna cewa MPU6050 a barci yake tashi, sai an rubuta 0 a rajistar 0x6B, wato wani gurbin saiti da ke cikinsa, kafin ya fara aunawa. Ka kuma tabbatar GND ɗin allunan uku, wato layin sifilin wutarsu, a haɗe yake, kuma wayoyin gajeru ne.